Amsa ga mai neman ƙauyen da zai kai iyalinsa kusa da Sheffield

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa, Allah Ya sa a gama karatu lafiya. Ka ce wata huɗu ke nan kuna Sheffield kai da uwargida da yara biyu, ba ku da mota, zaman ɗaki ya ishe ku, kuma kana neman ƙauyen da za ku je ku wuni ku dawo. Na ga wasu sun ce Castleton, wasu sun ce Bakewell. Duka suna da kyau. Amma ni shawarata ku fara da Eyam. Na je shi sau biyar a shekarun da na yi a nan, kuma har gobe idan na yi baƙo daga gida can nake fara kai shi.

Kafin komai, sunan garin ba yadda ake rubuta shi ake faɗarsa ba. "Iim" suke cewa. Ranar da na fara zuwa na ce wa direban bas "Iyam", sai da ya sa na maimaita sau uku kafin wata dattijuwa da ke bayana ta gane inda nake nufi.

Tsakaninsa da Sheffield bai wuce mil 12 ba, a cikin gandun Peak District, wanda shi ne gandun ƙasa na farko da aka ware a Birtaniya, a 1951. Bas mai lamba 65 da ke zuwa Buxton yana bi ta cikin ƙauyen, tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba. Ku zauna ta taga. Da zarar an bar gidajen ƙarshe na gari an hau tudu, ƙasa za ta buɗe muku, ba gida ba shago, sai tumaki da katangun duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, suna bin tuddai har iya ganinka. Idan a watan Agusta ne, wani ɗan tsiro mai fure shunayya yakan rufe tsaunukan gaba ɗaya. Akwai kuma jirgin ƙasa da ke tsayawa a Grindleford, amma daga tashar zuwa Eyam tafiyar ƙafa ce mai hawa, ba zan ba mai ƙananan yara wannan shawarar ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan ƙauye shi ne abin da mutanensa suka yi. A ƙarshen bazarar 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke cin mutane a lokacin. Yadin ya iso da danshi, mai taimaka wa telan, George Viccars, ya baza shi kusa da murhu don ya bushe. Ashe akwai ƙuma a ciki, masu ɗauke da cutar. A farkon Satumba aka binne shi. Daga nan mutuwa ta shiga gida gida. Ta lafa da sanyi, ta dawo da ƙarfi da ɗumi ya shigo a 1666, mutane suka fara ɗaure kaya za su gudu Sheffield da garuruwan kusa.

Limamin cocin garin, William Mompesson, baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba, kuma jama'a ba su gama sakin jiki da shi ba. Wanda suke jin maganarsa shi ne tsohon limaminsu, Thomas Stanley, da aka tsige saboda saɓanin aƙida da cocin gwamnati. Mutum biyun nan da ba sa ga-maciji a kan addini suka haɗa kai, suka tara mutane a watan Yuni, suka roƙe su kada kowa ya fita, kada kuma kowa ya shigo, don kada cutar ta kai ga maƙwabta. Mutane suka amince, alhali sun san abin da hakan ke nufi. Aka rufe coci, aka koma yin ibada a fili a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Aka ce kowane gida su binne mamacinsu da kansu. Mai sarautar Devonshire da ke Chatsworth da ƙauyukan kewaye suka riƙa aiko da abinci ana ajiyewa a bakin iyaka. Wata 14 annobar ta yi a garin, mutum 260 suka rasu, har da Catherine matar Mompesson, wadda ta ƙi tafiya ta bar mijinta.

Lokacin da na fara karanta wannan a jikin allunan garin, hadisin nan ne ya faɗo mini, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke a inda kuke kada ku fita don gudunta. Mun karanta shi tun muna yara, mun ji yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Amma ban taɓa tsayawa a wurin da aka aikata irin wannan na ga kuɗin da aka biya ba sai a Eyam.

Shi ya sa nake roƙonka kada ku tsaya a tsakiyar gari kawai. Yawancin masu zuwa suna sauka, su ɗauki hoto a gaban gidajen da cutar ta fara, kusa da cocin Saint Lawrence, su sha shayi su koma. Gidajen nan da mutane a cikinsu har yau, ga allo a ƙofar kowanne da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, don haka a ja wa yara kunne kada su leƙa taga ko su shiga lambu. A harabar cocin akwai kabarin Catherine da wani gicciyen dutse mai sassaƙa da ya haura shekara dubu. Akwai kuma ɗan gidan tarihi, da siffar ɓera a ƙololuwar rufinsa, daura da wurin ajiye motoci inda bayan gida yake. Ba kowane wata yake buɗewa ba, ku duba kafin ku taso. Duk wannan awa ɗaya ta isa. Ainihin abin yana bayan gari.

Daga dandalin garin ku ɗauki hanyar da ta nufi Grindleford, ku karkata hagu ku hau tudu, tafiyar kamar minti 20. A tsakiyar wata makiyaya za ku ga 'yar katangar dutse a kewaye, ba ta fi faɗin ɗaki ba. Kaburbura ne na gidan Hancock, ana kiran wurin Riley Graves. A cikin kwana takwas na Agustan 1666, Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida, ita kaɗai, ba mai kama mata. Duwatsun sun sha ruwa sun yi gansakuka, sai ka durƙusa kafin ka karanta sunayen, ga ranakun nan a jere, wasu rana ɗaya. Ranar da na kai maiɗakina, ta zauna a kan katangar ta yi shiru, ba ka jin komai sai iska da kukan tumaki. Can ta ce, "Wa ya haƙa mata?" Ban amsa ba, domin amsar ita ce ba kowa. Mun daɗe a wurin kafin mu iya tashi.

Wuri na biyu dutsen iyaka ne, a kan hanyar ƙafa da ta nufi ƙauyen Stoney Middleton. Dutse ne kawai a gefen hanya, idan ba a nuna maka ba za ka wuce shi. A samansa an huda ramuka shida, kowanne yatsa zai shiga. A nan mutanen Eyam suke zuba ruwan khal su saka kuɗinsu a ciki, masu kawo abinci su ajiye su ɗauki kuɗin, ba wanda ya taɓa wani. Har yanzu za ka tarar baƙi sun saka kwabbai a ramukan. Yarana sun fi son nan, saboda abu ne da za su sa hannu su taɓa.

Game da tafiya a cikin gonakin mutane, na san za ka ji nauyi, ni ma na ji. A nan doka ce ta ba kowa damar bin waɗannan hanyoyi, kamar dai burtali a wurinmu, sai dai na masu ƙafa ne. Za ka ga kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke, ita za ka bi, kada ka kauce. Ƙofar da ka samu a rufe ka mayar da ita a rufe. Wani wurin babu ƙofa, sai 'yan matakala a jikin katanga ko wata matsattsiyar kafa, saboda haka keken jariri ba zai yi ba, a goya shi. Idan kun ga shanu da 'yan maruƙa ku ba su tazara, kada yara su ruga. Akwai kuma wani haki mai ganye kamar zarto da ke cika gefen hanya, yana taɓa fata sai zafi da ƙuraje. Ƙaramar 'yata ta sa hannu a ciki, ta yi kuka sosai, sai wani dattijo mai kare ya tsinko wani faffaɗan ganye a nan kusa ya ce a goga mata. Dogon wando da takalmi sau-ciki mai taurin ƙasa, har uwargida, domin laka ba ta ƙarewa a can ko da rani. Lema ba ta da amfani a kan tudu, iska za ta juya ta. Rigar ruwa ta fi.

Ka tambayi abinci da sallah. Babu masallaci kuma kada ku sa ran naman halal. Akwai gidajen shayi da za ku samu biredi da cuku ko kek, amma mu dafa-duka muke yi mu zuba a kula, da filas na shayi. Ku riƙe dadduma da gorar ruwa don alwala. Mun sha yin azahar a gefen makiyaya, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Gaskiya baƙar fata ba su da yawa a can, kuma za a kalli hijabin uwargida, amma mu dai kallo ne kawai muka gani, sai gaisuwa. Mutumin da zai wuce ka a titin Sheffield kamar bai gan ka ba, a kan hanyar gona sai ya gaishe ka. Ku amsa, ku ma ku riƙa fara gaisarwa.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne bas na dawowa. Ba su da yawa, ranar Lahadi kuma sun fi ƙaranci. Sau ɗaya na yi sakaci a watan Nuwamba, muka sauko daga tudu ƙarfe huɗu ta wuce, duhu ya riga ya rufa, muka tsaya cikin sanyi da yara fiye da awa, waya kuma ba sabis mai kyau. Kuna sauka ka ɗauki hoton jadawalin da ke jikin turken tasha, ku shirya kama wanda ke gaban na ƙarshe. Tsakanin Mayu da Satumba rana tana da tsawo, ba wannan fargabar. A ƙarshen Agusta kuma suna bikin ƙawata rijiyoyi da furanni, Lahadin ƙarshe ta watan su yi taron tunawa da mamatan a Cucklett Delf, garin yakan cika.

Idan kun tsayar da rana ka sanar da ni. In Asabar ce kuma ba ni da aiki, sai mu haɗu a tashar bas mu tafi tare, yarana sun san hanyar dutsen iyaka, za su nuna wa naka. A gaida uwargida.