Modem huɗu, ma'aikata shida: yaya za a yi kowa ya samu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani ofishi a Apapa. Muna da tsofaffin na'urori a rumbunanmu na ajiya, ba a ɗauko bayanansu sai an buga musu waya ta modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya. Modem huɗu gare mu, ma'aikata shida, kullum sai an cire daga wannan tebur a kai wancan. Ko zan iya tara su wuri guda, kowa ya yi aiki daga kujerarsa? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Za ka iya, kuma ba zai ci kuɗi da yawa ba. Amma kafin ka kama hanyar Computer Village a Ikeja, fara duba layukanka, don a nan aikin ya fi tsayawa. Kowane modem da nasa layin. Huɗu ba sa kira lokaci guda a kan layi ɗaya. Kuma tun bayan durƙushewar NITEL, akwai wayar tebur a Legas da ta intanet take bi. Modem da sauti yake magana, wannan ƙarar da kake ji idan ya haɗu. In kamfanin layin yana matse sautin da tsarin G.729, to ƙarar ta lalace, kira zai shiga ya yanke. Ka ce su sa maka G.711, tsarin da ba ya ɓata ƙarar haka, sannan ka gwada da modem ɗaya kafin ka sayi ko da igiya.

Kada lambar 56k da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Tsakanin modem biyu irin na gida, iyakar gudun 33.6k ne. Don ɗauko bayanan rumbu ya isa.

Uwar garken kuwa, wato kwamfutar da za ka jona wa modem ɗin duka, tsohuwar kwamfuta mai Linux ta wadatar. Modem na waje nake so, mai kafar RS-232, wato kafar siriyal. Waɗanda ake cusawa cikin kwamfuta, da yawansu sai da manhajar Windows suke motsi, za su sha maka rana a banza. In kafofin ba su kai huɗu ba, sayi kati mai kafa da yawa ko igiyoyin USB zuwa siriyal. Buɗe minicom, manhajar Linux ta magana da modem, rubuta AT. In ya amsa OK, yana da rai. Sai ATDT da lambar rumbun, ka jira CONNECT.

Daga nan ka ɗora ser2net, manhajar da ke haɗa kafar siriyal da sauran kwamfutocin ofis, ka ba kowane modem lambar ƙofa da za a same shi ta ita, a ce 3001 zuwa 3004. Manhajar tana aiki da ƙa'idar RFC 2217 ta 1997, wadda ke ba kwamfutar ma'aikaci damar juya modem daga nesa. A kwamfutocin Windows sai ka sa manhajar kafar COM ta gaibu, shirin kiran ya ɗauka modem ɗin a jikinsa yake. Ni dai a ofis mai mutum shida ba na wahalar da kaina da tsarin zaɓen modem kai tsaye. Wanda ya tarar 3001 a cike ya koma 3002. Ka dai sa lokacin yankewa, saboda akwai mai tafiya sallar azahar ya bar layi a buɗe.

Ga tarkon da ya taɓa kama ni: an ɗauke wuta, an kawo, sai sunan da Linux ya ba igiyar modem, ttyUSB0, ya koma ttyUSB2, kira yana fita ta layin da ba shi ba. Yi amfani da sunayen da ke /dev/serial/by-id, ko by-path in igiyoyin masu araha ne marasa lambar shaida. Ka liƙa takarda a kowace igiya, ka kuma jona modem ɗin kansu a UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ba kwamfutar kaɗai ba.

Waɗannan ƙofofin a cikin ofis za su tsaya. In ka buɗe su ga intanet, baƙo zai buga waya ƙasar waje da layinku, takardar kuɗin ta iso teburin oga.