Ragowar tsohon gicciye a bakin iyakar gidanka: kada ka taɓa tukuna

Malam, ka ce ka sayi gida a wani ƙauye a Ingila, jikin maƙabartar coci, kuma kana so ka kawar da wani dutse mai matakala uku da ke bakin iyakarka don ka samu wurin ajiye mota. Hujjarka ita ce filin naka ne. A nan kuskuren yake.

Yadda ka kwatanta shi, dutse mai rami a tsakiya da guntun ginshiƙi a ciki, ya yi kama da gindin gicciye mai ɗaruruwan shekaru, irin waɗanda aka farfasa kawunansu a ƙarni na 16 da na 17. Da yawa daga cikinsu suna cikin jerin kayan tarihi da wata dokar Birtaniya ta 1979 ta kare. In naka na ciki, ko da mallakarka ne, ba ka da ikon ɗaga shi, ko haƙa a gindinsa, kai ko gyara shi ma, sai da rubutaccen izini da ake nema ta hannun Historic England, hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila. Yin aiki ba izini laifi ne mai tara, lalata shi da gangan kuwa na iya kai mutum kurkuku har shekara 2.

Ban ga takardunka ba, don haka ba zan rantse filin naka ne ba. Taswirar rajistar filaye a Ingila ba ta yanke iyaka daidai wa daida. In dutsen ya faɗa cikin maƙabartar, maganar ta shafi kotun cocin Ingila ta yankin ma, sai ita ma ta ba da izini.

Duba jerin hukumar a intanet, kyauta ne. Sannan ka tambayi lauyan da ya yi maka cinikin abin da bincikensa ya nuna, don irin wannan kariya akan rubuta ta a rajistar ƙaramar hukuma. Dillalin da ya ce maka dutse ne kawai bai kyauta ba, amma maganar baki wuyar tabbatarwa gare ta, kuɗin shari'a kuma zai iya fin na wurin motar.

Shawarata, ka zauna da masu kula da cocin da jami'in Historic England, ku tsaya a wurin tare. Mai yiwuwa a yarda ka buɗe hanyar mota ta wani gefen. In iyakar ce ta hana ku daidaita, a nemi mai sasantawa kafin kowa ya ambaci kotu.