Shanya a cikin ɗaki lokacin damina: waya ta ja ni

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bukoki, Yamai, a gidan haya. Tun shigowar Agusta ruwa ya hana kayan yara bushewa a tsakar gida, sai na ɗaura waya daga ƙarfen taga zuwa wata ƙusa a bango, ina shanya a falo in kunna fanka. Jiya da na taɓa wayar na ji ta ɗan ja ni a yatsu. Abin damuwa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, abin damuwa ne ƙwarai, kar ki ƙara taɓa wayar nan, kar yara su matso kusa. Ki fara kashe babban makunnin da ke wurin mita, sannan ki kwance wayar shanyar, a kira mai aikin kuran kafin a maido da wuta.

Jan da kika ji alama ce cewa wuta tana yoyo ta shiga wayar. Galibi ɗayan biyu ne: ko ƙusar ta huda wayar lantarki da aka binne cikin siminti, ko wata waya da ta zazzage tana gugar ƙarfen tagar. Masu aiki sukan bi da waya a miƙe daga makunni ko soket zuwa sama, don haka ƙusa a kan wannan layin ganganci ne.

Wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke kawowa gidajenmu bolt 220 ce. Busasshiyar fata tana tare ta da ɗan ƙarfi, shi ya sa wani lokaci ja kaɗan ake ji. Amma hannun da ya fito daga ruwan sabulu, ga ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ya buɗe mata hanya daga yatsu, ta ƙirji, zuwa ƙasa. Wutar da ba ta kai ta kunna ƙaramin ƙwan fitila na da ba tana iya hargitsa bugun zuciya, kuma tana danƙe tsokar hannu har mutum ya kasa saki. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a gidajen da ke da ƙananan yara.

Ki sayi igiyar leda, ki ɗaura ta nesa da soket, yadda ɗigon ruwa ba zai sauka kan wayar jona, talabijin ko cajar waya ba. Ki matse kayan sosai a waje. Fanka tana taimakawa, amma ta tsaya can gefe a busasshen wuri. Kar a rataya riga a kanta ko a kan ƙwan fitila in an ɗauke wuta. Ana mantawa, wuta ta dawo cikin dare. Ki bar taga a buɗe kaɗan, don laima tana taruwa har cikin soket. Guga kuma da busasshen hannu da silifas na roba.

Ki yi wa mai gidan magana a sa abin da masu aikin kuran ke kira diferansiyel na miliamfa 30. Yana yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum, abin da makunni na yau da kullum ba ya yi.

In wuta ta kama wani, Allah ya kiyaye, kar a riƙe shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture wayar da busasshen icce, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.