Amsa ga mai tambaya a kan Homeworld: sai an san tarihin baya kafin a fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. To, ɗan uwan da ya yi tambaya ɗazu, wai yana so ya shiga Homeworld 3, wasan kwamfuta na dabarun yaƙin jirage a sararin samaniya, amma bai taɓa buga na baya ba, ko sai ya koma ya karance tarihin Kharak da Hiigara tukuna. Na ga wasu sun turo masa bidiyoyi masu tsawon awa biyu. Don Allah malam kar ka kalle su yanzu. Ni dai abin da na fahimta, ba tarihin ne ya dame ka ba, tsoronka kar ka sa kuɗi da lokaci ka shiga, a yi ta ambaton sunaye kana zaune ba ka san inda aka dosa ba. To wannan ba zai hana ka buga wasan ba ko kaɗan. Babu wani mataki a duk jerin nan da za ka faɗi don ba ka san sunan wata ƙabila ba.

Amma bari in faɗi gaskiya, inda ka zaɓa ka fara ɗin ne ban yarda da shi ba. Ka fara da na farko, na 1999, wanda kamfanin Relic suka yi. Yana cikin Remastered Collection, wato waɗanda aka sabunta, da kamfanin Gearbox suka fitar a 2015, tare da na biyu, kuma har tsofaffin na asali suna ciki. Dalilina shi ne, na farkon an gina shi ne a kan cewa ba ka san komai ba. Mutanen da kake jagoranta, Kushan, su ma ba su san tarihinsu ba. Suna zaune a duniyar hamada mai suna Kharak, sai suka tono wani tsohon jirgi a cikin rairayi, Khar-Toba, a ciki suka tarar da dutse mai taswira yana nuna wata duniya mai suna Hiigara, wato gida. Suka shekara 60 suna gina uwar jirage, wata masaniya Karan S'jet ta yarda aka haɗa jikinta da jirgin ta zama ita ce ƙwaƙwalwar rundunar. Shi ke nan. Duk wannan kuma bidiyon buɗewa zai gaya maka cikin 'yan mintoci. Abin da ya rage, kai da su za ku gano shi tare, mataki 16.

Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake nan kaɗan, don dole in yi maganar mataki na 3. Kun fita gwajin tsalle, wato ratsa nisan sararin samaniya nan take da uwar jirage, kun dawo, sai ku tarar Kharak tana ci da wuta. Daular Taiidan ta ƙone ta saboda wata yarjejeniya ta shekara 4,000 da ta hana ku tsallen nan, yarjejeniyar da babu wanda ya san da ita a cikinku. Abin da ya rage na al'ummar gaba ɗaya shi ne mutum 600,000 da aka daskarar, a manyan akwatuna shida, kowane akwati mutum 100,000, kuma ga jiragen abokan gaba suna harbinsu a gabanka. To ka gaya min, wanda ya riga ya kalli bayanin awa biyu, me zai ji a wurin nan? Ya riga ya sani. Wanda bai sani ba shi ne zai ji abin a ƙirjinsa, hannunsa na rawa yana neman jiragen janwe. Rashin sanin nan da kake gudu, shi ne abin da masu wasan suka shirya maka.

Kuma tunda na ambaci janwe, nan ne ainihin abin da sabon shiga yake buƙata, ba zuriyar S'jet ba. A Homeworld rundunarka tana bin ka daga mataki zuwa mataki. Jirgin da ka rasa a mataki na 4 ba zai dawo a na 5 ba, wanda ka tara kuma yana nan. Wannan shi ne tarihin da zai iya kayar da kai, tarihin da kai ka rubuta da hannunka. Jiragen janwen nan, ƙananan jirage ne marasa bindiga, aikinsu su maƙale a jikin jirgin abokin gaba su ja shi zuwa uwar jirage, ya fito ya zama naka kyauta. Firigat, matsakaicin jirgin yaƙi, yana buƙatar janwe biyu, distiroya da ya fi shi girma uku. A mataki na 3 ɗin ma wasan da kansa zai sa ka kama jirgi ɗaya, amma mutane sai su kama ɗayan su harbe sauran. Kuskure ne. Ka gina janwe shida aƙalla kafin ka iso wurin, ka tura ƙananan jiragen yaƙi gaba su ɗauke hankalin bindigogi, sannan janwen su zagayo ta baya ko ta sama. In ka tura su kai tsaye ta gaba, kafin su isa an kakkaɓe su, don ba su da kauri. Kuma in ɗaya daga cikin biyun ya mutu a hanya, jirgin zai kuɓuce ya ci gaba da harbi, shi ya sa ake tura fiye da adadin da ake buƙata. Sannan ka kula, jiragenka kar su ci gaba da harbin abin da janwe ya riga ya kama, sau da yawa mutum da kansa yake fasa ganimarsa.

Haka a lambun Kadesh, mataki na 7 da na 8. Mutanen wurin za su zo maka kamar ƙudan zuma, ƙananan jirage ba adadi. A tsohon na asali akwai man fetur, wato ƙananan jirage manunsu yana ƙarewa, to in ka fasa tankokin da suke komawa shan mai sai su tsaya cak a sarari. A wanda aka sabunta an cire maganar mai gaba ɗaya, don an ɗora shi ne a kan injin na biyu, saboda haka kar ka dogara da wannan dabara a can, sai dai ka tara jirage masu bindigogi da yawa kusa da uwar jirage. A na 8 akwai firigat ɗinsu masu harbin haske ta baki da yawa, waɗannan ka kama iya yadda za ka iya, za su yi maka aiki har ƙarshe. Kuma a nan ne za ka ga wani tsohon jirgi iri ɗaya da Khar-Toba, ka gane su wane ne mutanen da ka gama yaƙa. Ka ga, wasan yana ba ka tarihin a lokacin da zai yi maka zafi. Na 9 kuma, jirgin fatalwa, kar ka kusantar da manyan jirage, zai ƙwace su su juyo kanka. Ƙanana kawai ake turawa.

Af, na yi nisa. Abu biyu na hannu kafin in koma kan tambayar. Dogon maɓallin sipes yana buɗe taswirar da za ka ga filin gaba ɗaya, a nan za ka yi rabin wasan. Sannan in za ka motsa jirgi, riƙe Shift yana ba ka damar ɗaga shi sama ko saukar da shi ƙasa. Wanda ya saba da wasannin dabarun yaƙi na ƙasa yakan manta akwai sama da ƙasa, sai ya yi ta karo da abokan gaba gaba da gaba, alhali galibin bindigogin manyan jirage gaba suke kallo. Kuma a na farko na asali kai ne kake danna tsalle, to kar ka bar fili sai masu kwasar ma'adinai sun share shi tas, ka gina abin da za ka gina, ka ajiye wasan a fayil daban a farkon kowane mataki.

To na biyu, na 2003. Nan ne maganar tarihi take ba ni haushi, kuma shi ya sa nake cewa kar sabon shiga ya wahalar da kansa. A na farko, injin tsallen nan fasaha ce da Kushan suka kwaikwaya daga abin da suka tono. Na biyu ya zo ya ce a'a, wani tsohon abu ne mai tsarki, ɗaya daga cikin guda uku, akwai annabci, akwai Sajuuk da suke ɗauka abin bauta, ga Makaan shugaban Vaygr, abokan gabanka a wasan, yana riƙe da ɗaya yana neman sauran. Labarin 'yan gudun hijira masu neman gida ya koma labarin zaɓaɓɓu da ƙaddara. Har yau magoya bayan wasan ba su gama jayayya a kan wannan ba. Wato wanda ya haddace na farko shi ne ma ya fi shan wahala a na biyu, sabon shiga bai san an canja komai ba, lafiya lau zai buga matakansa 15. Abin da zai cije shi a can daban ne: wasan yana auna girman rundunarka ya ƙara wa abokan gaba yawa daidai da haka. Ka shigo da runduna cike, ka tarar da wadda ta ninka ta. Kuma da ka cika aikin mataki sai ya yi tsalle da kai, ba ya jiran ka gyara abin da ya lalace, saboda haka ka gama gine-ginenka kafin ka kammala aiki na ƙarshe. Wannan aunawar ta biyo har cikin na farko da aka sabunta, shi ya sa dabarar janwe take da ɗan haɗari a can, in ka yi ta tara ganima su ma suna ƙaruwa. A'a, bari in gyara, ba cewa na yi ka daina kamawa ba. Ka kama masu amfani, manya, ka bar tarkacen.

Akwai wanda ya ce ya fara da Deserts of Kharak tunda shi ne farko a tsarin labari, shekara 106 kafin na farko. Ban goyi baya ba. Wasa ne mai kyau, Blackbird suka yi shi a 2016, amma a ƙasa ake yinsa, motoci a kan rairayi da katafariyar motar yaƙi mai suna Kapisi, ba zai koya maka sama da ƙasa ba. Kuma daɗinsa yana ga wanda ya riga ya san abin da zai sami Kharak daga baya. In ka buga shi bayan na farko, kowane tudu ka gani ka san ƙarshensa. In ka fara da shi, tafiya ce kawai ta neman wani abu a hamada. Cataclysm kuwa, na 2000, labarin ƙabilar Somtaaw ne masu haƙar ma'adinai da jirginsu Kuun-Lan, shekara 15 bayan an isa gida. Ba ya cikin Remastered, a shafin sayar da wasanni na GOG ake samunsa da sunan Emergence tun 2017. Yana tsaye da ƙafarsa, kuma na biyu bai dogara da shi ba, duk lokacin da ka ga dama ka buga.

To in ka nace sai na uku, na 2024, don shi ne sabo kuma shi abokanka suke bugawa, ga abin da za ka riƙe, bai wuce wannan ba. Mutanen Hiigara 'yan gudun hijira ne da suka dawo gida. Karan S'jet ita ta kawo su, suna ganinta kusan kamar waliyiya. A ƙarshen na biyu ta buɗe wata tsohuwar hanya ta ƙofofin tsalle da wasu mutanen da, waɗanda suka shuɗe, suka gina, aka samu zaman lafiya da ciniki. Sai wani abu ya fara cinye ƙofofin nan da duniyoyi, Karan ta tafi bincike ta ɓace shekara 20. Kai za ka shiga ne da Imogen S'jet, magajiyarta, a jirgin Khar-Kushan, tare da Isaac Paktu. In ka ji an ce kiith, ƙabila ake nufi, S'jet masana ne, Soban sojojin haya, ba sai ka haddace sauran ba. Abin da za ka rasa shi ne nauyin sunan Karan, za ka ji ana girmama ta ba ka ga abin da ta yi ba. Wannan asara ce ta gaske, ban raina ta ba, amma ba za ta sa ka ɓace a labarin ba.

Abin da zai fi ba ka aiki a na ukun shi ne filin. An cika shi da manya-manyan gine-gine da ramuka da za ka ɓoye jirage a bayansu, harsashi yana tsayawa a jikin bango, to ƙananan jiragenka su bi ta jikin ginin su ɓullo kusa, kar su ratsa buɗaɗɗen sarari. Ka yi darasin koyon sarrafawa har ƙarshe, ka gwada tsarin maɓallai biyun, na zamani da na da, ka tsaya a kan ɗaya tun da wuri, don kyamarar ce take korar mutane a awa ta farko. Ka riƙa tsayar da wasan kana ba da umarni, an sa maɓallin ne don a yi amfani da shi.

Kuma in dai kwamfutarka ba mai ƙarfi ba ce, wannan ma wani dalili ne na farawa da Remastered, ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Ka buga har mataki na 3 kawai, bai fi zama ɗaya ko biyu ba, ka ga akwatuna nawa za ka iya tserar da su cikin shidan, sai ka turo mana adadin.