Amsar Gwaggo ga sabuwar nas: ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce kin yi shekara uku a makarantar jinya, kin ci jarrabawar kansul, wato ta hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi, lasisinki na hannu, amma sistar da ke kanki a ɗakin emajensi ta hana a bar miki aikin dare ke kaɗai. Kullum da safe sai ta sa ki ƙirga kayan tiren gaggawa, kuma ta tsare ki da tambayoyi a gaban mutane. Kina son sanin al'adar aiki ce ko wulaƙanci ne. Sannan kin ce abin da ya fi damunki shi ne ta ce muryarki ta yi ƙasa, alhali a gida haka muka tarbiyyantar da ke.

Al'ada ce, kuma ta girmi asibitin kansa. Wanzami ba ya miƙa wa ɗansa aska ranar farko. Sai yaro ya shekara yana ɗaukar zabira, yana wasa aska, yana kallon hannun uban. Kakarki da ta yi ungozoma a unguwarmu, sai da ta daɗe tana dafa ruwa da riƙe fitila kafin a bari ta yanke cibi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ban raina takardarki ba. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda aka haɗe wuri ɗaya a 1979, ba ta ba da lasisi a banza. Kuma jarrabawar nan da kuke kira oski, inda ake zagayawa da ku tebur-tebur ana ba ku 'yan mintuna ku nuna aiki da hannu, ta fi abin da muka yi a zamaninmu tsari. Sai dai mutum-mutumin roba ba ya zubar da jini, ba shi da uwa da ke kururuwa a bakin ƙofa, kuma wuta ba ta ɗaukewa ana cikin gwaji. Akwai kuma takardar da ake raba wa sababbi su cike da kansu, wai su faɗi ko sun shirya. Ni wannan ba ta cika mini ido. Mai baki zai ba kansa maki sama, mai kawaici irinki ya ba kansa ƙasa, alhali wataƙila hannunki ya fi nasa. Zuciya take aunawa, ba hannu ba.

Abin da sistarki ke dubawa, idan irin namu ce, mintunan farko ne. An shigo da ɗan kabu-kabu da mota ta buge a hanyar Birnin Kabi: fayil kika fara nema ko numfashinsa? An kawo yaro ɗan wata takwas yana haki: kin ɗaga rigarsa kin ƙirga numfashin minti guda cur, kin san cewa 50 ko sama da haka a wannan shekarun ya yi sauri? Mutum ya yanke jiki ya faɗi, babu numfashi: hannunki ya san danna ƙirji 30 da hura iska 2, danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ba tare da kin tsaya tuna shafin littafi ba? Ƙirgar tire kuma ba azabtarwa ba ce. So take ki san inda allurar adirenalin, ta farfaɗo da zuciya, take ko da a duhu, ki san ranar da za ta lalace, ki gane silindar iskar oksijin ta ƙare tun da safe, ba da ƙarfe biyun dare ba.

Yanzu maganar murya, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan maimakon in kira ki.

Watana na biyu da fara aiki, a wani asibiti da ba sai na kira suna ba, aka bar ni da wata mai jego, haihuwarta ta shida. Na ɗaga zanen da ke ƙarƙashinta na ji shi da nauyi, jini ya ratsa har ledar katifa yana ɗiga cikin kwanon da ke ƙasa. Na san karatun: jinin da ya kai mililita 500 bayan haihuwa ya wuce misali. Na shafa cikinta na ji mahaifa laɓo-laɓo, ba ta dunƙule ba. Na ruga ɗakin likita. To, a nan tarbiyya ta kama ni. Na ƙwanƙwasa a hankali, na yi sallama, na jira. Da ya buɗe na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, sannu da hutawa, yaya gajiya?" Wallahi haka na yi. Sistar dare ce ta biyo bayana ta ture ni gefe, ta ce, "Likita, gado na huɗu, jini, yanzu!" Kafin ya sa takalmi ta koma tana murza mahaifar da hannu ɗaya, tana umartata in kawo allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta dunƙule, in nemi jijiya a sa ƙarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwanan matar. Da gari ya waye sistar ba ta zage ni ba. Cewa ta yi kawai, "Gaisuwarki ta ci jinin da ba naki ba." Har yau ina jin maganar.

Mu Sakkwatawa da kara aka san mu. Ba a ɗaga wa babba murya, ba a kiran sunansa, ba a katse shi. A zaure da tsakar gida wannan ado ne, kuma ba zan so ki zubar da shi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A bakin gadon wanda ke mutuwa, ki faɗi gado, ki faɗi abin da kika gani, ki faɗi abin da kika auna, a numfashi ɗaya. Idan kina ganin an rubuta magani fiye da kima, ki tambaya, ko da mai rubutun ya haife ki. Babban da ya san aiki ba zai ɗauke shi rashin kunya ba. A annobar sanƙarau ta 1996, da marasa lafiya suka fi gadaje yawa, waɗanda suka yi mana amfani cikin sababbi su ne masu iya cewa "ban iya ba, a nuna mini" da ƙarfi. Masu shiru suna gyaɗa kai su muka fi jin tsoro.

Abu ɗaya ban goyi bayan sistarki a kai ba: gyaran mutum a gaban majinyata da 'yan uwansu. Ya kan sa su daina yarda da hannunki, kuma ke ma ya sa ki ɓoye kuskure. Mu an yi mana haka, ba kuma shi ya koya mana aiki ba. Ki same ta a ofis bayan an miƙa aiki, ki gaishe ta yadda ya kamata, a nan gaisuwa ke da wuri, ki roƙe ta ta riƙa gyara ki a keɓe. Ki kuma nemi ta lissafa miki abubuwan da take son gani a hannunki kafin ta sake miki dare, ku riƙa sa hannu a kan kowanne in kin yi shi a gabanta.

Ranar Juma'a in kin sauka aiki ki biyo ta gida da abinki na awon hawan jini. Ƙafata ta sake kumbura, ina son in ga yadda kike ɗaura shi. Ki gaida innarki.