Tambaya da Amsa: Asusun Fanshon da Kake Juyawa da Kanka a Ostireliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Sydney, kuɗin fanshona kuma sun ɗan taru. Ina so in buɗe asusun da zan riƙa juyawa da kaina, wanda ake kira SMSF, in sayi hannun jarin kamfanonin Amurka. Doka ta yarda? Ina kuma da niyyar komawa Kano nan gaba. Daga wani mai karatu a Ostireliya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Doka ta yarda, amma zancen komawarka gida shi ne ya fi ɗaukar hankalinmu, don haka da shi za mu fara.

Hukumar haraji ta ƙasar, ATO, ita ke sa ido a kan irin wannan asusu, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne ragamar tafiyar da shi ta kasance a cikin Ostireliya. Tafiya ta wucin gadi da ba ta wuce shekara 2 ba, ba ta karya wannan sharaɗi. Amma in ka tattara ka koma Kano da zama, kana yanke shawarar saye da sayarwa daga can, asusun na iya rasa matsayinsa. A nan ne harajin kashi 15 cikin 100 da asusun ke biya ke komawa kashi 45, kuma a shekarar farko yana iya taɓa jarin da ya taru, ba ribar kaɗai ba. Wahalar shekara da shekaru kan tafi ta wannan hanya. In tafiyar ta kusa, shawararmu ita ce ka bar kuɗinka a babban asusun fanshon da yake ciki yanzu, ka zaɓi ɓangaren hannun jarin waje da yawancinsu ke da shi.

In kuwa za ka daɗe, ga yadda ake yi. Mambobi ba sa wuce 6, kuma kowane mamba dole ya zama amintaccen asusun, wato mai riƙe amanarsa a gaban doka, ko darakta a kamfanin da ke riƙe amanarsa. Tunda kai kaɗai ne, kafa kamfanin ya fi dacewa, domin in ba haka ba sai ka nemo amintacce na biyu. Lauya ko akanta zai tsara takardar amana, ka sa hannu a takardar rantsuwar amintacce cikin kwana 21, ka yi rajista da ATO cikin kwana 60 don samun lambar kasuwanci (ABN) da lambar haraji (TFN). Sannan ka buɗe asusun banki da sunan asusun fanshon, ka rubuta tsarin zuba jari wanda ya ambaci hannun jarin waje da haɗarin canjin kuɗi.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wurin dillali. Dole hannun jarin ya fito da sunan asusun, ba naka ba, kuma ba kowane dillali ke buɗe wa SMSF ba, don haka ka tambaya tun kafin ka kwashe kuɗinka. Ka cike fom ɗin harajin Amurka mai suna W-8BEN-E: da shi Amurka za ta cire kashi 15 daga ribar da kamfanoni ke rabawa, babu shi kashi 30 ne. Abin da aka cire can ana iya rage shi daga harajin Ostireliya. Hannun jarin da ya wuce wata 12 kafin a sayar, harajin ribarsa kashi 10 ne.

Kowace shekara sai an ƙiyasta kadarorin da dalar Ostireliya a ranar 30 ga Yuni, mai binciken kuɗi mai rajista da ASIC, hukumar da ke sa ido kan kamfanoni da harkar zuba jari, ya duba, a biya shi, a biya akanta, a biya ATO dala 259. Wannan ɗawainiya ba ta raguwa don jarinka kaɗan ne, shi ya sa ƙaramin asusu ke shan wuya.

Kuma Malam, kuɗin nan ba na biki ba ne, ba na ginin gida ba. Doka ta hana ranta wa kanka ko ɗan'uwa ko da kwabo, kuma ga wanda aka haifa bayan Yunin 1964, sai ya kai shekara 60 ya cika sharuɗɗa kafin ya taɓa. In aka damfari asusun, diyyar gwamnati da manyan asusu ke iya samu ba ta shafe ka ba, don haka kada ka tura kuɗi ga dillalin da ba ka tabbatar da lasisinsa ba.