Me ya sa ake ganin darajar dimokuraɗiyya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai hujjar hankali da ta sa ake fifita dimokuraɗiyya, alhali zaɓe bai hana sata ba. Gaskiyarka, bai hana ba.

Hujjar da ta fi kama min hankali ita ce ta Karl Popper, masanin falsafa haifaffen Ostiriya. Shi bai ɓata lokaci kan wa ya fi cancantar mulki ba. Damuwarsa ita ce yadda za a sauke shugaban da jama'a suka gaji da shi ba tare da an zubar da jini ba. Ka tuna watan Maris na 2015, da Jonathan ya buga wa Buhari waya ya amince da faɗuwa tun kafin a kammala sanar da sakamako. Sannan ka waiwayi Janairun 1966, da aka wayi gari sojoji sun kashe Sardauna a Kaduna.

Amartya Sen kuwa, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, wanda ya ga yunwar da aka yi a yankin Bengal a 1943 yana yaro, ya nuna cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma jaridu ke da bakin magana, domin mai neman ƙuri'a ba ya iya toshe kunne.

Akwai kuma batun mutunci. A layin zaɓe, ɗan dako da attajirin da yake ɗaukar wa kaya ƙuri'a ɗaya kowannensu ke jefawa, ko da yake mai kuɗin kan yi ƙoƙarin sayen ta ɗan dakon da taliya da sabulu.